Cigiyar Kyanwa

A shekarun da gyaɗa ta yi albarka, babu gidan da bai tara buhuna ba a unguwarmu ta wajen Ƙofar Kabuga, ɓeraye kuwa suka zo taya mu murna. Da abin ya ishi mutane, kowa ya nemo kyanwa. Kyanwoyin suka cinye ɓerayen tas, sannan suka miƙe ƙafa suka shiga haihuwa ba ji ba gani. In ka ɗaga kai kan katanga, kyanwa. In ka leƙa rumbu, kyanwa. Maƙwabciyarmu mai sayar da nono har dutse take ɗorawa a kan faifan ƙwaryarta, amma a banza. Waɗanda suka kawo su da hannunsu kuwa, kowa ya rantse ba tasa ba ce.

Ni ma ina da tawa a cikinsu, ko da yake ba wanda ya ba ni. Baƙa ce mai kunne ɗaya, mummuna ta ƙin ƙarawa, ga sata kamar me. Ina sonta kamar raina. Ta haifi 'ya'yanta a bayan randar Inna, mahaifiyata, washegari kuma ta yi godiya da sace kifin miya.

Inna ta ce, "Wannan abar ba tamu ba ce, ba ta kowa ba ce. A zuba su a buhu a kai bayan ganuwa."

Bayan ganuwa a lokacin daji ne, kuraye ke yawo. Na yi kuka har da birgima, Inna ko kallona ba ta yi ba. Dama ni ce 'yar fari, kunyata take ji: ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa nuna ta damu da ni a gaban mutane ba. Daga "ke" sai "yarinyar nan".

Kakana, mahaifin Babanmu, shi ne mai unguwa, gida ɗaya muke. Duk wanda ya tsinci akuya ko jaki yana gararamba, zaurensa yake kawowa. Kaka ya ɗaure a turke, ya ba da dusa, ya tura mai shela ya zaga da cigiya. In mai ita ya zo ya faɗi alamarta daidai, a ba shi. In ba a samu ba, a miƙa wa En'e, wato hukumar gargajiya. Kullum kuwa sai ya gyara rawani ya gaya wa dattawa cewa dabbar da ba ta da mai ita ta hukuma ce, hukuma ce uwarta ita ce ubanta. Na ji wannan magana har na haddace ta.

Da hantsi, zaure cike da dattawa, na fito daga cikin gida ɗauke da kwando na durƙusa.

"Ranka ya daɗe, tsintuwa na kawo."

"A'a, amaryata ce da kanta? Me kika tsinto mana?"

Na ɗaga faifai. Mai kunne ɗaya ta leƙo, ta dube shi sama da ƙasa.

"Ke! A ina kika tsinci wannan?"

"A bayan randar Inna. Ita ta ce da bakinta ba ta kowa ba ce. Kai kuma ka ce dabbar da ba ta da mai ita ta hukuma ce."

Sai Liman ya tuntsire da dariya har carbinsa ya faɗi. Ya ce, "Mai unguwa, ai magana zarar bunu ce. Kyanwa dai dabba ce, ban ga ta inda za ka fita ba."

Kaka ya harare ni, gemunsa na rawa saboda danne dariya, ya ce a ajiye kwandon kusa da turke. Na tashi da tsalle har zanina ya kusa kwancewa.

Ban san na ɓallo ruwa ba. Kafin la'asar labari ya gama unguwa, yara suka yi ta zuwa da tsintuwa, wani a kwando, wani a cikin riga, fuska duk yakushi. Wani ma har da ɗan kwikwiyo ya haɗo, aka kore shi da shi. Aka zuba su a tsohon ɗakin kaji aka rufe, suka fito ta saman, suka mamaye zauren. Ɗaya ta kwanta a buzun Kaka, ɗaya ta shige takalmin Liman. Mai shela kuwa ya zaga lungu-lungu yana, "Jama'a, cigiya! Wa ya ɓatar da kyanwa?" Mata daga cikin gidaje suna amsa masa da guɗa. Mu yara muna biye da shi muna tafi, mun yi dariya har cikinmu ya ƙulle. Ko mutum ɗaya bai zo ya ce tasa ce ba.

Sai Kaka ya aika wa En'e, ya ce ga dabbobin hukuma sun taru, a zo a ɗauka, ko a ware musu wuri da abinci. Amsa ta dawo cewa hukuma tana da turken jaki da na akuya, amma ba ta da na kyanwa. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Jaki ana sayar da shi, shi ya sa ya sami uwa da uba. Ɗaki ɗaya da ɗan ƙanzo ai bai fi ƙarfin masu gina asibiti ba, ba su so ne kawai.

Abin da suka turo shi ne duba-gari, da leburori biyu da buhuna. Ya ce umarnin da aka ba shi, duk wadda ba ta da mai ita a fitar da ita bayan gari. Da hannuna na tara musu su wuri ɗaya.

Kaka ya yi gyaran murya ya ce, "Malam, ai ba a rufe cigiya ba tukuna. Jama'a, mai kyanwa a nan ya faɗi alama ya ɗauki abarsa." Ya bi dattawan da kallo ɗaya bayan ɗaya.

Wani tsohon baduku ya sosa ƙeya ya ce, "Tawa dai... mai wutsiya ce."

"Alama ta yi. Ɗauki."

"Tawa tana da gashin baki," in ji wani.

"Ba shakka taka ce."

Liman ya yi ta istigfari, sannan ya ce shi dai bai ce tasa ba ce, amma wadda ta kwana a takalminsa ai sun saba. Mai nono ma ta aiko a ba ta guda, wai gara ɓarawon gida da na waje. Duba-gari ya juya baya, kafaɗunsa na girgiza. Haka aka yi ta ɗauka har da 'ya'yan, zaure ya koma kamar kasuwa.

Aka bar guda ɗaya, baƙa mai kunne ɗaya. Babu gidan da ba ta yi wa sata ba, ba mai ko kallonta. Na yi ihu na ce tawa ce, duba-gari ya ce wadda ta kawo tsintuwa ba ta dawowa ta ce tata ce. Na dubi Kaka, ya sunkuyar da kai, don mai raba gardama ba ya zama mai kaya. Lebura ya buɗe bakin buhu.

Sai muka ji an yi sallama ƙasa-ƙasa daga bayan ƙofar da ke shiga cikin gida. Muryar Inna ce. Inna da ko tari ba ta yi in surukinta yana kusa.

"Ranka ya daɗe, akwai farin tabo a cikinta, wajen hagu. Ba a ganinsa sai ta kwanta rigingine ana shafa ta."

Lebura ya ɗaga ta, ga tabo nan fari fat. Na tsaya baki buɗe. Kyanwar nan ba ta yi wa kowa rigingine sai wanda ta yarda da shi, ni kuwa na ɗauka ni kaɗai ce.

Kaka ya ce, "Alama ta yi. Ta wace ce?"



"Ta yarinyar nan ce," in ji Inna. "A ba ta abarta, ta daina yi mana kuka."