Waya ta uku

Babana ya yi aikin gyaran na'urori a Kongo har ya yi ritaya, daga nan ya ba rediyo sauran rayuwarsa. Tasa ba ta sauraron labarai ba ce, irin wadda ake magana da mutanen nesa ce. Ina son zama kusa da shi in ji muryoyi suna tasowa daga cikin shuuu kamar masu fitowa daga ruwa. Don muryoyin su ƙara fitowa ya kafa doguwar hasumiyar ƙarfe a tsakar gidanmu a Kusfa.

Wayoyi uku ne za su riƙe ta. Biyu sun sami wuri a gidanmu, ta ukun kuwa dole ta tsallaka katanga ta sauka a gidan maƙwabcinmu, wani mai sayar da yadi. Ya yarda, da sharaɗin kada waya ta shaƙe masa iyali. Shi ya sa ba a ɗaure ta a ƙasa ba. Aka kafa bututun ƙarfe da ya fi mutum tsayi, aka zuba masa siminti, aka yi masa kunne a sama inda waya za ta kama, kowa ya wuce ta ƙarƙashi. Kafin simintin ya bushe aka riƙe wannan ɓangaren da igiya a jikin darbejiyarsu. Ana cikin jira maigidan ya tafi Kano sarin kaya, ya bar tsohuwarsa da matarsa mai jego.

Ranar da abin zai faru, bayan la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin. Iskar farko da ta bugo, na ga kan hasumiyar ya sunkuyo wajenmu, ya koma, ya sake sunkuyowa. Igiyar tana saki tana ja. Mai waldan da ke taya Baba ya ce in ta tsinke, ƙarfen zai yi lilo, kuma ba wanda ya san inda zai kwanta. Ɗakin mai jegon yana jingine da katangarmu.

Muka zaga zaurensu da gudu. Baba ya yi sallama, Iya, tsohuwar maigidan, ta leƙo.

"Iya, a ba mu izini mu ɗaura wayar nan, hadari ya taso."

"Malam, mai gidan ba ya nan. Ni ban taɓa shigar da namiji gidan nan a bayansa ba."

Baba ya kira shi, layi bai shiga ba. Mai walda ya ce, "Malam, wannan ai lalura ce, mu shiga kawai." Baba ya dubi labulen buhun da ya raba zaure da cikin gida, ya girgiza kai.

"To a fito da mai jego da jaririn zaure."

"Cikin wannan iskar? Ɗanyen jiki gare ta. Ba inda za ta."

Sai Baba ya juyo ya dube ni, tunda ni mace ce, ba mai hana ni shiga. Ni da ko tulu aka ce in ɗauka sai an bi ni da addu'a. Ya sa mini sifana a hannu, da wani ƙarfe mai ƙugiya wanda in an murza cikinsa yake jan waya.

Na shiga. Baba ya koma gida ya jefo bakin wayar ta kan katanga, na jawo ta tana karce mini tafi. Kunnen bututun ya fi ƙarfin tsayina. Iya ta kalle ni sama da ƙasa, ta mirgino turmi ta kife shi.

"Hau, 'yar boko. In kika faɗo ba ni da abin gaya wa uwarki."

Na hau, ta rungume ƙafafuna. Daga can sama ina hango cikin ɗakin ta taga: mai jego zaune a bakin gado, ta rufe jaririn da zane, idonta a kan rufi.

"Kin saƙala ƙugiyar?" Muryar Baba ce daga bayan katanga.

"Ba ta kai ba, Baba! Saura kaɗan!"

"Jira iska ta turo ƙarfen wajenki. In waya ta yi sako-sako, ki saƙala."

Wato in jira hasumiyar ta sunkuyo kan ɗakin. Na tsaya hannuwana a sama, mayafina ya tafi, ƙasa tana shiga mini baki. A bayana igiyar tana ƙara a jikin darbejiya, silinta suna tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Iska ta ɗan juya, wayar ta yi laushi a hannuna, na ja da duk abin da Allah ya ba ni. Ƙugiyar ta goga kunnen ta zame.

"Innalillahi," in ji Iya. "Sake, 'yar nan, sake."

A karo na biyu ta shiga. Na zura sifana na fara murzawa, Baba yana cewa in ƙara, mai walda yana cewa ya isa, suna musu a kaina. Ban daina ba sai da wayar ta miƙe ta fara wani siririn kuka a cikin iska. Ban sauko daga turmin ba igiyar ta tsinke, ta yi bulala a kan katanga. Hasumiyar ta girgiza, ta tsaya.

Ruwa ya sauko. Iya ba ta saki ƙafafuna ba, sai da na ce mata an gama. Ta ja ni ɗakin mai jego, muka zauna mu uku muna sauraron rufi. Can ta ɗaga murya yadda za a ji a bayan katanga.

"Malam! Ka shiga daga ruwan nan haka. Ɗaki yana nan, jariri ko farkawa bai yi ba."

Ta taga na hango kan hular Baba ta saman katanga, ya hau wani abu yana kallon wayar. Yana nan tsaye har ruwan ya ɗauke.