Baba Arzika, wanda ya gyara ƙofar Inna

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau da safe ina ɗaure kaya bisa moto anka kira ni daga Sabon Gida: Baba Arzika mai walda ya rasu bayan asuba.



Da yawanku ba ku san shi ba. Tsoho ne siriri mai rumfar walda bakin kasuwa, hannuwansa duk tabon wuta. Ni ƙofa ce ta haɗa mu.

Gidanmu na Madawa akwai wata tsohuwar ƙofar gilashi, irin mai zamewa bisa layin ƙarfe, tsakanin ɗakin Inna da baranda. Mahaifinmu ya sa ta tun muna yara. Shekara uku da sunka wuce ɓarin jikin Inna na dama ya shanye, ƙofar kuma ta riga ta cije. Sai ƙato ya sa kafaɗa take motsi. In na tafi lakwal, makarantar da nake koyarwa, matata ta tafi aiki, Inna tana nan rufe cikin kujerarta mai taya har azahar, tana kallon waje ta fasasshen gilashi. Wata rana na dawo na ishe ta tana kuka, ta yi ta kira ba wanda ya ji.

Na kawo masu aluminiyom. Sunka ce ba ta gyaruwa, sai sabuwa, kuɗin kuma ya fi albashina. Cire ta ma ba dama, sauro da ruwa.

Wani maƙwabci ya turo mani Baba Arzika ranar kasuwa. Ya durƙusa, ya daɗe yana shafa layin da yatsa, sannan ya kira ni da sunan da ake kiran malamin lakwal, ya ce, "Mushe, ƙohwar ga ba ta mutu ba. Tayunta na sunka cinye, yashi kuma ya cika hanya."

Munka ɗaga ta munka kwantar bisa tabarma. Ya wanke layin da kananzir da tsohon buroshin haƙori, ya miƙe wurin da ya lanƙwashe da guduma da guntun katako. Tayu kuwa babu irinsu duk garin. Ya tafi wajen masu gyaran moto ya tsinto tsoffin rulma biyu, wato boris ɗin da taya ke juyawa bisansa, ya yi kwana biyu yana gurza ƙarfe har sunka zauna daidai. Inda gilashi ya fashe ya lafta falle na kwano.

Abin da ba ni mantawa shi ne mariƙi. Ya kwance shi ya sauko da shi ƙasa. Ya roƙi Inna aron kujerarta, ya zauna ciki, ya ɓoye hannun dama bayansa, ya yi ta jan ƙofar da hagu. Sau nawa yana tashi yana ƙara gurzawa. Sai da ta zame da yatsa biyu ya ce, "To Hajiya, bismillah."

Inna ta ja. Ta fita baranda da kanta, karo na farko cikin wata bakwai.

Da na ɗauko man inji zan zuba, ya riƙe mani hannu. "Kak ka sa mai, yashi shika kira. Sabulu busasshe ya isa."

Abin da na ba shi bai kai wahalarsa ba, na sani, shi ma ya sani. Ya karɓa ya yi godiya. Tun daga nan, duk zuwansa Madawa sai ya biyo ya gaida Inna, da ɗan wake cikin leda.

Haɗuwarmu ta ƙarshe kasuwar Bangi ce, wata ɗaya ke nan. Da ƙyar na gane shi. Ya rame, idanunsa sun yi ɗorawa, yana magana yana dafe ciki. Ya ja ni gefe ya ce, "Mushe, in ka samu hali ka raka ni likita. Ni ban jin Faransanci, in sun ba ni takarda ban san abin da ke ciki ba."

Na ce, "Baba, bari mu ƙare jarabawa, ni da kaina zan zo in ɗauke ka."

Ya ce, "Allah shi kai mu."

An ƙare jarabawa sati biyu da sunka wuce. Kullum ina cewa gobe. Ko waya ban buga ba.

Ɗiyarsa babba ce ta kira ni yau. Ta ce tun shekaranjiya ya daina cin abinci, kuma da sunka so kai shi likita makon jiya ya ce su dakata, akwai wanda zai zo.

Ban san ko zuwana zai canza wani abu ba, rai na Allah ne. Amma ya jira ni.

Na kama hanya nan take, na ishe an riga an rufe shi. Ya bar mata da ɗiya huɗu, duk mata.

Allah Shi gafarta ma Baba Arzika, Shi yalwata kabarinsa, Shi sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi, Shi tsare iyalinsa daga wulaƙanci. Don Allah duk wanda ya karanta, ya karanta mai Ƙulhuwallahu. Ni ma ku roƙa mani gafara.