Biskit Mai Takarda a Ciki

Yayata ta haura hamsin kafin likita ya gano cewa alkama ce ke cin ta. Kafin nan an yi mata maganin taifot har ya gundure ta, an yi na gyambon ciki, an yi na tsutsa, an ɗora mata hannu a majami'a. Ita kuwa sai ramewa take yi, gudawa ba ta barin ta ta zauna har ƙarshen wa'azi. Likitan, wani matashi mai haƙuri, ya zana mana hanji a bayan takarda, ya ce akwai wani abu mai danƙo a cikin alkama da suke kira gulutin, shi ke kankare mata cikin hanji kamar yadda soso ke kankare tukunya. Babu allura, babu ƙwaya. Magani ɗaya ne, kada fulawa ta sake shiga bakinta, ko da ta kan farce ce. Jininta ya riga ya yi ƙasa. Ya ce in ta ci gaba da ci, wata rana za a kawo ta asibiti ba za a mayar da ita gida ba.

Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta suna kudu wajen aiki, don haka na ɗauko ta daga ɗakinta na Sabon Gari zuwa gidana a Samaru, inda nake koyarwa a sakandare. Na fitar da taliya da fulawa daga kicin. Na daina kai niƙa inji, domin injin da ya niƙa wa wata alkama da safe shi zai niƙa mini shinkafa da rana, kuma ba ya kurkure baki a tsakani. Na koma turmi. Ƙofar gida ce kaɗai na rasa yadda zan yi da ita.

Yaya ta yi shekaru tana kaɗa tulu in ana waƙa a zumuntar matan majami'arsu. Duk Alhamis bayan taro sai su ciko keke Napep, sanye da zane iri ɗaya, su zo dubiya. Ba a zuwa dubiya hannu rabbana, kuma a Kwangila, inda suke sauya keke, abin da ya fi girma a ido ya fi sauƙin kuɗi shi ne burodi. Uwar zumunta, dattijuwa mai muryar da ba ta buƙatar lasifika, da hannunta take gutsurowa ta tsoma a shayi ta miƙa. Yaya ta karɓa ta ci. Su tafi da waƙa, ni in kwana biyu ina wanke bokiti.

Na taɓa faɗa musu ƙarara.

"Mama, likita ya hana ta burodi."

"Burodi, Malama?" in ji uwar zumunta. "Abin da muke karɓa a Jibin Ubangiji? Likitocin yanzu in aka biye musu ruwa ma sai su hana mutum."

"'Yar loma ce ai," wata ta ce. "Loma ba ta kisa."

Da suka tafi Yaya ta juya mini baya. "Kin kunyata ni. Mace ta biya kuɗin keke tun daga Sabon Gari, ta miƙo mini abu da hannunta, in ce ba na ci? Wa ya haife mu?"

"Yaya, hanjinki bai san kunya ba."

"To ni na sani."

A littattafan ƙagaggun labarai na taɓa cin karo da wani biskit da ake ba mutum a gidajen abincin 'yan Sin a Amurka. A naɗe yake, in ka fasa sai ka tarar da 'yar takarda mai faɗa maka abin da zai same ka. Na ga dabara a ciki. Baƙo dole a ba shi wani abu ya taɓa, kuma abin da ƙanwa ba ta isa ta maimaita wa dattijai ba, biskit zai iya faɗa cikin raha. Su kuma gani da idonsu cewa ana yin abin daɗi ba da fulawa ba. Na nemo yadda ake yi a waya.

Da acca na fara, hatsin garinmu. Na kaɗa farin ƙwai da cokali mai yatsu har ya yi kumfa, na zuba sukari, ɗan mai, ɗan gishiri, da garin. Ba ni da abin gasa burodi na zamani, sai na zuba yashi a gindin babbar tukunya, na ɗora a kan gawayi, na sa farantin ƙarfe a ciki, na zuba garwashi a kan murfi. Ana shafa ƙullun ne siriri, faɗin bakin kofi. Da gefensa ya yi ja sai a ɓamɓaro da wuƙa, a sa takarda, a ninka biyu, a lanƙwasa a kan bakin kofi tun yana ƙuna, domin da ya sha iska ya daina jin magana. Na accan bai jira iskar ba ma, ya farfashe a hannuna kamar busasshen ganye. Danƙon da ke kashe yayata shi ne ke sa ƙullu ya yarda a lanƙwasa shi.

Na koma shinkafa. Na jiƙa, na shanya, na daka, na tankaɗe da rariya, na sake tankaɗewa da ɗankwali mai shara-shara, na ƙara sitacin rogo don ya riƙe. Wannan ya yarda, in dai biyu-biyu ake gasawa. Yatsuna suka yi bororo. Waɗanda suka naɗu na jera su a kwalin ƙwai don kada su buɗe, waɗanda suka karye kuwa Yaya ce ke kwashewa daga kan tabarma. Rabonta da abu mai ƙaras-ƙaras a baki tun kafin asibiti.

"Wannan abu kamar kunnen akuya," ta ce. "Me kike cusawa a ciki?"

"Gaisuwa."

"Ke dai da takarda. Har abinci sai kin ba shi jarrabawa."

Da yake biskit ɗin na faɗar abin da ke tafe ne, a wannan salon na rubuta saƙonnin. Biron da ke hannuna a lokacin shi ne jan da nake gyaran aikin ɗalibai da shi. Wata takarda ta ce: Ƙafarki za ta dawo gidan nan, hannunki kuma zai zo da ayaba. Wata ta ce: Daga yau burodi ba zai ƙara biyo ki Samaru ba. Wata: Wadda ta kawo lemo za ta ga alheri. Na karanta su ni kaɗai a kicin, suka ba ni dariya.

Ran Alhamis suka zo da ledojinsu. Na miƙa tire ana tsakiyar gaishe-gaishe, na ce a fasa kafin a ci, amma a ɗakin da mata goma sha ke magana lokaci guda muryar malamar makaranta ba ta da aji. Abu ɗan ƙarami kuwa a wajenmu baki ake jefa shi gaba ɗaya. Wata tsohuwa ta tauna, ta tsaya, ta sa yatsa ta zaro jiƙaƙƙiyar takarda daga bakinta. Jan tawadar ya narke ya ɓata mata yatsa. Kowa ya dakata da tauna. Uwar zumunta ta fasa nata, ta ɗauko tabarau daga jaka, ta karanta a hankali da muryar da take karanta sanarwar rasuwa: "Ƙafarki za ta dawo gidan nan."

Yawancin matan nan 'ya'yan ƙauye ne kamar mu. Iyayensu sun yi tsafi, wasu da idonsu suka ga an tara layu an ƙone a ƙofar majami'a ranar baftisma. Rubutu a naɗe, ɓoye cikin abinci, da jan abu, yana faɗa wa mutum abin da ƙafarsa za ta yi, suna ɗaya gare shi a wurinsu: sammu. Wata mai sayar da manja ta gane cewa ta riga ta haɗiye nata. Ta fita gindin gwaiba ta zura yatsa a maƙogwaro.

Na yi bayani. Na ambaci Sin, na ambaci Amurka, na nuna hoto a waya.

"Mun ji, Malama," in ji uwar zumunta. "Ilimi ya yi yawa."

Suka yi addu'a gajeriya, ido a buɗe. Suka kwashe burodinsu suka tafi da shi. Ta wannan fuskar ba zan ce saƙon bai yi aiki ba.

Fastonsu ya zo daga baya, ya duba wayar, ya ci biskit ɗaya, ya yi dariya, ya ce zai warware maganar. Ya warware ta a kan bagade ran Lahadi, sai waɗanda ba su ji ba ma suka ji. Da damina ta sauka ƙafar mai manjan ta kumbura. Ciwon sukari gare ta tun tuni, amma babu wanda ya ga dalilin tunawa da wannan.

Alhamis ta zo ta wuce, wata ma ta wuce. Babu wanda ya zo.

Yaya ta fara warkewa. Gudawar ta tsaya, kumatu suka dawo, ta karɓe tabarya daga hannuna tana cewa dakana na 'yan boko ne. Likita ya ɗora ta a kan sikeli ya yi murmushi, ya ce in ci gaba da abin da nake yi. Duk Alhamis da la'asar sai ta yi wanka, ta ɗaura zanen zumunta, ta ja kujera kusa da ƙofa. Kekunan da ke tsayawa a layinmu ɗalibai suke saukewa. In magariba ta yi sai ta shiga ta ninke zanen. Ba ta taɓa ɗora mini laifi ba. Ta dai daina cin biskit ɗin, ko wanda babu takarda a ciki.

Wata safiya Yaya ta ce in raka ta Sabon Gari, gidan uwar zumunta. Mun tarar da ita da mata uku suna gyaran wake. Aka ba mu kujeru can gefe, aka kawo ruwa, aka ce ta yi kyau, jiki ya dawo. Daga nan kowa ya mai da ido kan wake.

"Mama," in ji Yaya, "yunwa nake ji. Ba shayi a gidan nan?"

Uwar zumunta ta dube ta, ta dube ni. Ta tashi ta dafa, ta kawo da burodi, ta ajiye a ƙasa tsakaninmu.

"Da hannunki za ki ba ni, kamar da."

"Yaya," na ce.

"Malama, manya na magana," in ji Yaya.

Uwar zumunta ta miƙa mata. Ta ci yanka ɗaya, ta nemi ƙari. Kafin ta gama na biyu an janyo kujerarta cikin inuwa, ana ba ta labarin wadda aka ɗora a kan tulu bayanta, wai kiɗanta kamar ana buga ƙofar mai bashi. Yaya ta yi dariyar da ban ji ba tun da ta zo gidana. A hanyar komawa, kafin mu kai Hanwa, gumi ya jiƙa ta, sai da na roƙi mai keke ya tsaya.

Ƙarshen watan ta koma ɗakinta na Sabon Gari. Na riƙa kai mata dakakken garin shinkafa, tana tuƙa tuwo da shi, tana godiya. A gida tana kiyayewa. Amma zumunta na da biki, na da suna, na da zaman makoki, kuma ko'ina akwai mai miƙo abu da hannu.

Bayan Kirsimeti aka kira ni ina makaranta, wai Yaya ta yanke jiki ta faɗi ana cikin waƙa. Na tarar da ita a gadon asibiti, leɓɓanta fari fat. Likitan nan ne dai. Ya duba sakamakon jini, ya tambaye ta me ya canza.

"Na koma cikin mutane, ɗana," ta ce.

Ya rubuta a ƙara mata jini. Da ma'aikaciyar jinya ta leƙa waje ta tambayi wa zai bayar, matan zumunta sun cika baranda, suka hau gardamar wadda za ta fara. Uwar zumunta ta ce ita ce babba, aka ce mata ai girman ne ya hana. Ni aka gwada nawa bai dace ba. Na zauna a gefen gadon ina riƙe da hannunta, har ta buɗe ido ta ce in tafi gida haka nan, gobe ina da aji.