Waken Suyan Baba Direba

Baba Direba ya ƙarar da ƙuruciyarsa a bayan sitiyarin babbar mota, kuma kayan da ya fi ɗauka buhunan waken suya ne. Yakan kai su kamfanin abincin kaji, a sauke, ya share bayan mota ya zubar da abin da ya tsiyaye. A wajensa wannan wake ba cimar mutum ba ne.

Ciwon baya ne ya sauke shi daga mota. Ya dawo gidansa na ƙarshen layi, ɗaki biyu da ɗakin girki da wani ɗan fili a baya, inda ya jibge tsofaffin tayoyi da mataccen batir da karyayyen sifirin. Da hantsi yakan je rumfar abokinsa Mai Faci a sha hira, da azahar ya dawo ya tarar Inna, matarsa, ta gama abinci. Ya ɗauka haka sauran kwanakinsa za su tafi.

Sai wata safiya Inna ta faɗi a bakin famfo. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakinta ya karkace. Da aka sallamo ta daga asibiti tauna ta gagare ta, ta rame har zobenta yana zamewa daga yatsa. 'Yarsu Auta tana aure a wata unguwa, takan zo ta koma, don haka jinya ta faɗo kan Baba Direba, mutumin da bai taɓa kunna risho ba.

Ranar da suka koma ganin likita, wata nas ta ja shi gefe ta ce Inna na buƙatar abinci mai gina jiki wanda zai wuce maƙogwaro ba wahala. Ta ce ya nemi waken suya a riƙa yi mata madara.

Ya ce, "'Yata, na kaji fa kike nufi?"

Ta ce, "Shi, Baba. Ba ka ga yadda kajin suke cika ido ba?"

Ya yi dariya, amma maganar ta bi shi har gida. Abu ɗaya ya tsaya masa: ya san irin maganin ƙwari da ake barbaɗa wa buhuna a wasu sito, da idonsa ya gani. Ya ce wannan ba zai shiga cikin matarsa ba. Ya aika wa wani manomi da ya daɗe yana yi wa lodi, aka kawo masa wake mai tsabta na ci, da sabon iri a ƙulli daban. Manomin ya yi saƙo cewa kada irin ya kwana biyu a ajiye, don tsohon waken suya ba ya tsirowa.

Madarar farko abin tausayi ce. Ya jiƙa wake, ya kai markaɗe, ya tace da farin ƙyalle, ya ɗora a wuta, ya juya neman cokali, kumfa ta taso ta kashe rishon. Abin da ya rage ya kai wa Inna. Ta kurɓa, ta yamutsa ɓarin fuskar da ke motsi.

"Gafi," ta ce da ƙyar. "Bai dahu ba, Malam."

Wannan ce magana mafi tsawo da ta yi tun faɗuwarta. Baba Direba ya koma ɗakin girki yana murmushi kamar wanda aka yaba wa. A hankali ya koyi murje ɓawon waken bayan ya jiƙu, da tsayawa kan tukunya yana juyawa har ƙarnin ya fita.

Da ruwa ya zauna, ya kwashe tarkacen filin baya. Tayoyin ya cika su da ƙasa ya jera a gindin katanga. Da yake bayansa ba ya son sunkuyo, a kan 'yar kujera yake aiki, ya ja ta gaba, ya tona, ya sake ja. Ita kuwa Inna, wadda ta tashi a gidan manoma, yakan zaunar da ita a ƙofar ɗakin girki inda take hango shi. Daga nan take ba da umarni da hannun hagu.

"Ramin ya yi zurfi. Ba rijiya ba ce."

Ya rage zurfin rami. Da waken ya fasa ƙasa, tantabarun maƙwabta suka sauko suka tsince layi biyu. Ya ɗauko igiyoyin ɗaure kaya na zamanin mota, ya gitta su a kan filin, ya rataya tsummoki, ya sake shuka. Ganye ya rufe ƙasa, ƙananan furanni suka ɓuya a ƙarƙashinsa, sannan kwanson ya fito gungu-gungu, mai gashi kamar jikin ɗan tsako.

Mai Faci da ya ga an daina zuwa hira, ya biyo sawu. Ya tarar da abokinsa da zane ɗaure a ƙugu yana matse tata.

"Direba, daga mota mai giya goma sha biyu ka koma ludayi?"

"Wannan ma tuƙi ne," in ji Baba Direba. "Ka ɗauke ido kaɗan, ta kife."

Ya cika masa kofi. Mai Faci ya sha, ya goge gemu, ya ce ba laifi, a ƙara.

Da ganye ya yi ɗorawa ya zube, Baba Direba ya ce a bari waken ya ƙara bushewa. Inna ta ce a cire. Ya yi gardama. Wata rana da rana tsaka suna zaune suka ji tas, tas, kwanson yana fashewa, wake yana tsalle cikin ƙasa. Inna ta juyo ta kalle shi. Ya tashi ya tumɓuke sauran, ya shanya a kan tsohon tampol, ya buge da sanda. Abin da ya samu ya cika babbar roba biyu, kuma ba wanda ya shigo gidan a makon nan bai je ya gani ba, ko yana so ko ba ya so.

Daga madara ya wuce gaba. Yakan gasa waken ya niƙa gari, a zuba a miya ta yi kauri. Tuƙar da ta rage bayan tata ba ya zubarwa, a kwaɓin fulawa take shiga. Jikokinsa kuwa gasasshen da gishiri suke cika aljihu da shi. Inda waken ya tashi, tumatirin da ya dasa bayansa ya yi 'ya'ya har reshe na taɓa ƙasa.

Inna ta mayar da jiki. Hannun dama bai dawo duka ba, amma tana takawa da sanda har cikin lambun, tana cire ciyawar da ya tsallake. Yanzu gidaje da dama a layin suna da waken suya a bayan ɗaki, duk daga hannunsa irin ya fita, kuma kowa sai ya zauna ya saurari bayani kafin a auna masa.

Kwanan baya Auta ta zo ta ce, "Baba, ka huta haka nan, in riƙa yo madarar daga gidana."

Baba Direba ya buɗe baki zai yi magana, Inna ta riga shi.

"Bar shi. Tasa na saba da ita."

Ya gyara zaman hularsa, ya tashi ya je duba waken da ya jiƙa.