Taken Mahauta a Hannun Mai Sanda

Wautata ita ce na ɗauka duk inda aka ce kiɗa, to gidana aka zo. Ni makaɗin kalangu ne, gado na yi, kuma rabin rayuwata a layin mahauta na wata kasuwa a Garki na ƙarar da ita. Bokona bai wuce in gane motar Jiwa a tasha ba, ita ma sai kwandasta ya taimaka da ihu. Amma a fagen kiɗa, gani nake ko aljani ba shi da abin da zai koya mini.

A shekarun da farar hula suka dawo ne, lokacin da kuɗi ya yi yawa a Abuja har masu shi suka rasa ramin da za su zuba shi, wani matashi ya zo sayen nama. Ɗan wani darakta ne a ma'aikatar tarayya. Ya tarar ina buga taken Sarkin Pawanmu, sai ya tsaya da leda a hannu, jini na ɗiga a kan takalminsa bai sani ba. Da na gama ya gaishe ni da ladabi, ya ce a Turai ya karanto kiɗa. Na tambaye shi me yake bugawa. Ya ce shi rubuta kiɗan yake yi a takarda, sannan ya tsaya da sanda a gaban masu bugawa yana ba kowa lokacinsa. Na ce a raina, ashe har Turai ake zuwa koyon aikin helma mai tsaya wa leburori a kai.

Ya naɗi kiɗana a wata na'ura ya tafi. Bayan damina sai ga shi ya dawo, wai ya gina dogon kiɗa a kan taken nan, makaɗa da yawa za su buga shi a gaban ministoci da jakadu, kuma yana so kalanguna ya kasance a ciki.

Kafin azahar babu mai tebur a kasuwar da bai ji ba. Na je na durƙusa gaban Sarkin Pawa na ce masa takensa zai shiga inda ko gwamna sai da kati yake shiga. Dattijo ne mai nauyin baki. Shi ya ba ni wurin zama ranar da na sauka Abuja da kalangu da riga ɗaya, kuma tun daga ranar tukunyar gidana ba ta rasa romo ba. Washegari aka ga tela ya zo gwada shi.

A wani sito a Idu muke gwaji, wurin na warin takin zamani. Yawancin makaɗan daga coci-coci aka tattaro su. Akwai masu goge irin na Turawa da ake maƙalewa a ƙarƙashin haɓa, da masu wani ƙaton goge da ake rungumewa tsakanin ƙafafu, da mai begila, da wata mai sarewa, da wani da ke tsaye bayan tambura masu kama da tukwanen biki. Kowa ya ƙura wa takarda ido kamar ana rabon gado.

Da aka fara, na kasa kunne ina neman taken, sai na gane abin da yaron ya yi masa. Feɗe shi ya yi. Ya ba masu goge cinya suna ja a hankali kamar ana rakiyar gawa, ya ba mai begila haƙarƙari, mai sarewa ta samu hanta. Ni mai dabbar aka bar mini kofato: ɗan bugu kaɗan can kusa da ƙarshe. Tsakanin wannan da wancan kuwa wani gurnani ne da ƙiiƙii, irin na janareta idan mai ya kusa ƙarewa. Na tambaye shi ina za a yi rawa a nan. Ya yi dariya ya ce wannan kiɗan na saurare ne. Na ce to Allah ya ba masu saurare haƙuri.

Dokarsa ɗaya ce, kada in taɓa fata sai sanda ta nuna ni. Hannun da ya saba gaishe da duk wanda ya shigo bai san wannan ba. Ko mai kawo ruwan leda ya leƙo, sai kalangu ya yi masa sannu da zuwa, yaron ya tsayar da kowa, a koma farko. Har mai sarewa ta gaji ta ce, “Baba, don Allah jira sanda mana, muna da yara a gida.” A hankali na horu. Abin kunyar ma, har na fara alfahari da horuwar, ina komawa kasuwa ina ba mutane labarin yadda kiɗan ilimi yake. Ba zan ɓoye ba, akwai wani wuri a kiɗan da masu gogen nan duka suke tashi tare, tsikar jikina ta tashi. Wurin kaɗai ne.

Ranar taron, bayan la'asar, a zauren wani otal aka yi. Mahauta suka zo cikin shadda, Sarkin Pawa a gaba da sabuwar babbar riga mai aska. Aka tura su can baya kusa da ƙofa, alhali kujerun gaba babu kowa, an ajiye wa manya. Manyan kuwa sai da aka fara suka riƙa shigowa, kowa da zugarsa, ana tashi ana musabaha. Wayar salula sabuwar shigowa ce a lokacin, kowa yana so a ji tasa. Wani a layin farko har ciniki yake yi da ƙarfi a kan fili. Shi kuwa yaron, cikin baƙar kwat mai wutsiya, ya juya wa manyan ƙasa ƙeya yana ta fama da iska, gumi na zuba.

Sai aka zo inda mai begila yake fitar da taken kusan cikakke. A wurinmu, idan aka buga takenka ba ka zama. Tashi za ka yi ka jinjina, ka taka har gaban makaɗi ka liƙa masa abin da ya sawwaƙa. Ina daga kan dandamali na hango Sarkin Pawa ya miƙe, ya ɗaga dantse, ya kamo hanyar tsakiya a hankali, hannu ɗaya cikin aljihu.

Masu tsaron manya ba su ga Sarkin Pawa ba. Tsoho suka gani ya nufi kujerar ogansu da hannu a aljihu. Biyu suka tare shi, ɗaya ya murɗe masa hannu ta baya, hularsa ta faɗi wani ya taka.

Aikin kalangu ke nan tun kakanni, ya faɗa wa taro wane ne wannan. Yana nan a hammatata, a ɗame. Na dubi Sarkin Pawa, na dubi sanda. Sanda tana kan masu goge. Sai na jira.

Aka fitar da shi ana tura shi, sauran mahauta suka bi bayansa. Ƙofa na rufuwa ba da jimawa ba sanda ta juyo kaina, na ba da ɗan kofatona tsaf, ba gaba ba baya. Aka yi tafi, har da mai cinikin fili. Yaron ya rungume ni yana cewa yau Baba ya yi daidai. Bai san abin da ya faru a bayansa ba, ni kuma ban gaya masa ba. Wata hajiya mai ƙamshin turare ta ce a ɗauke ta hoto da ni, wai tana son masu raya al'ada. Na tsaya na washe baki.

Na yi kwanaki ina ƙaryar zazzaɓi kafin na koma kasuwa. Na sami Sarkin Pawa a kan bencinsa, da tsohuwar rigarsa, hannun dama a naɗe da tsumma. Na tsaya daga nesa na buga masa takensa, cikakke, da duk ƙarfina. Bai jinjina ba. Ya bari na gama, ya sa aka yanko mini tsoka mai kyau kamar kullum, ya miƙo mini da hagu, sannan ya ce, “Da ka buga ko sau ɗaya a wurin nan, da sun san ni ma wani ne.”