Maharbi Mai Ido Biyu da Hoton Baba Alhaji

A gidanmu na Yerimaram, da an idar da sallar magariba sai mu kewaye murhun Kaka Falmata. Mahaifiyar babanmu ce, mutuniyar Borno, ta tsufa a Potiskum amma harshenta bai taɓa sakin Barbarci ba. "Ƙasa" a bakinta "kasa" ce, mu yi ta dariya, ita kuma ta ci gaba da juya gyaɗa a kasko kamar ba ta ji ba. Ni take kira ƙawarta, don haka kusa da gwiwarta nake zama.

"Ku matso, ta iso," haka take fara tatsuniya.

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta wani maharbi. Ya taimaki wata tsohuwa a daji, ita kuma ta ba shi idanu biyu a cikin ɗan ƙoƙo mai murfi. Ɗaya na hango nesa, ɗaya na duban abin da ke kusa. Idan yana so, sai ya cire wanda ke fuskarsa ya sa ɗayan. Amma ta kafa masa sharaɗi: ya juya wa iska baya, ya sunkuyar da kai, ya riƙe sabon a hannu kafin ya cire tsohon, wanda ya cire kuma ya rufe shi nan take.

Shekaru yana kiyayewa. Ran nan ya hango barewa tana shirin tsallake rafi, sai ya fizge idon yana fuskantar iska. Ƙwayar yashi ɗaya ta faɗa ramin idon. Barewar ta tsere, shi kuma daga ranar duk abin da ya kalla sai ya gan shi da tabo: tuwonsa, farar rigarsa, har goshin ɗansa. Ya yi ta sa yaron wanke fuska, yaron yana kuka.

"Kaka, ai sai ya wanke idon," na ce.

"Ƙawata, ya wanke," ta ce, tana hura gyaɗa a tafinta. "Amma barewar ta jira shi?"

Na girma na zama mai ɗaukar hoto, mafi yawa a ɓangaren mata wajen biki da suna. Kyamarata irin wadda ake sauya mata gilashin gaba ce, wanda muke kira lensi. Wanda ya koya mini aikin ya sha faɗa: a kashe kyamara tukuna, a kifa bakinta ƙasa, sabon lensi ya kasance a shirye, tsohon a mayar masa da murfi. Na ji, amma a matsayin dokar oga na ɗauka.

Wata rana aka kira ni suna a garin Danchuwa. Uwar jaririn, Hajiya Asabe, ta ja ni gefe ta ce, "Ƙanwata, abu ɗaya nake roƙo. Babana ba shi da lafiya, za a fito da shi na ɗan lokaci ya riƙe jikansa. Wannan hoton nake so."

Aka fito da Baba Alhaji, aka zaunar da shi a gindin darbejiya, aka ɗora masa jaririn. Lensin ɗaukar taro ne a kyamarar, ni kuma na fuskar mutum nake buƙata. Na ga tsohon yana haki, sai gaggawa ta kama ni. Na kwance lensin, kyamara a kunne, bakinta a sama, ina laluben ɗayan a jaka, daidai lokacin da garken shanu ke wucewa ta bayan danga yana ta da ƙura. Na ɗauki hotuna kaɗan, aka mayar da shi ɗaki.

Sai da na buɗe su a kwamfuta na ga ɗigo-ɗigon ƙura a kowane hoto, wuri ɗaya. Mafi girman ya sauka a kan idonsa na hagu. Kafin in gama shawarar komawa, aka aiko mini cewa ya rasu.

Na goge tabon, na gyara idon iya ƙwarewata, na kai wa Hajiya Asabe. Ta daɗe tana kallo. Ba ta yi faɗa ba. Ta shafa hoton da yatsa ta ce, "Kin yi ƙoƙari, Allah ya saka. Sai dai wannan idon ba na Baba ba ne."

A keke napep na dawo gida ina hawaye. A hanyar ne na gane cewa Kaka ba tsoron yashi take koya mana ba. Tana nuna mana ne cewa ranar da aka fi gaggawa ita ce ranar da ɗabi'a take da amfani, don a lokacin hannu ne ke aiki, ba tunani ba.

Yanzu ko amarya na fitowa, ko ana kirana ta ko'ina, sai na kashe kyamara, na juya wa iska baya, na kifa bakinta, sannan in sauya. Mata kan ce na cika sanyin jiki. Nakan yi murmushi in ce su ba ni numfashi uku kawai, fuskar da zan ɗauka ta wani ce.