Neman Bokitin Gishirin Murjani, Daga Samaru Zuwa Basawa

Kwana huɗu ina ɗaukar waya ina ajiyewa kafin na yarda in rubuta wannan. Karatuna firamare ne, ina tsoron a yi mini dariya. Amma amana ce a wuyana, kuma raina a ɓace yake.

Ni mai kula da gida ne a Samaru, gidan wata Dakta da ke koyarwa a jami'a. A falonta akwai akwatin gilashi mai ruwan gishiri irin na teku, da kifaye biyar da murjani mai rai, wata halittar teku mai kama da dutse, wanda shekara shida tana renonsa. Duk mako nakan kwashe wani ruwan in haɗa sabo da gishiri na musamman. Ta tafi asibiti a yi mata aikin ido, mijinta ya ce kada a dame ta da waya, sai ga gishiri ya ƙare. A takardar da ta bar mini ta ja layi biyu a ƙarƙashin magana ɗaya: kada in sayi gishirin da aka sa wa sinadarin da ke kama ƙarfe. Ta taɓa yi mini bayani: sinadarin yakan rungume ƙarfe da tagullar da ke cikin ruwa, sai abin awonta ya kasa faɗa mata gaskiya, ga shi tagulla kaɗan ke kashe murjani.

Mun tashi da asuba ni da surukina a keke napep ɗinsa, takardar tana aljihun gabana, ina ta shafa ta. Hanyar Samaru ta cika da ɗalibai masu cinikin kuɗin mota rabi da Hausa rabi da Turanci. Ramuka kuwa, sai da ƙoƙon shayin da na sha ya dawo mini wuya. A Sabon Gari muka karya da waina, wadda ta ƙara tsada ta kuma rage girma.

Shago na farko gishirin miya aka miƙo mini. Na biyu, na lasar shanu. A na uku muka sami mai sayar da kifin ado, kuma yana da gishirin, amma a farar leda, ba rubutu ko ɗaya. Na nuna masa takarda. Ya karanta, ya yi dariya.

"Baba, gishiri ai gishiri ne. Kifin naka farfesa ne?"

Na ce a nuna mini bokitin da aka zo da gishirin a ciki, in ga bayanin da ke jikinsa. Ya ce a Chikaji ake kasa shi a leda, in je can.

A Chikaji, cikin ƙarar injina da warin baƙin mai, muka sami mai kasawar yana awo da mudu kamar mai sayar da gero. Kayan da aka ɗauko daga ƙetaren teku, da bayaninsa a jiki, shi ake juyewa a leda a raba shi da bayanin! Bokitin fa? Ya ce bokitan suna da ƙwari da murfi, mata na rububinsu, na ƙarshen wata mai ƙosai a Basawa ta saya. Surukina ya ce mu haƙura. Na ce ko da ƙafa ne zan taka.

Mun same ta kusa da bariki, ƙullunta cikin bokitin. Ita kaɗai ce ba ta yi mini dariya ba ranar nan. Ta ce, "Malam, duba abinka," ta goge jikinsa da bakin zaninta, ta juya mini shi. Rabin takardar bayanin da ke manne a jikinsa ya tsira daga wanki. Wata 'yarta ma'aikaciyar jinya ta karanta mana layi-layi. Hoton kifi, yabon kai, jerin abubuwan da ke ciki. Batun sinadarin, ba a ce akwai ba, ba a ce babu ba. Wato ko mai kamfanin bai ga ya kamata ya faɗa ba. A nan fushina ya kai ƙarshe, har na kasa cin ƙosan da ta ba ni.

Na koma Sabon Gari na sayi leda ɗaya, don babu wani. Da la'asar muka iso gida. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, a garin nan an fi daraja bokiti a kan abin da aka rubuta a jikinsa.

Yanzu ruwan akwatin ya wuce lokacin canji da kwana tara, murjani ɗaya ya fara tsukewa. Na haɗa sabon ruwa a baho, na rufe, na kasa zubawa. In na zuba, wataƙila na saɓa wa takardar Dakta. In na bari, ina kallo yana mutuwa.

Don Allah, duk wanda ya san yadda ake gane gishiri mai wannan sinadari, ko ya san mai awon ruwa a Zariya, ya sanar da ni. Ranar Juma'a za a cire wa Dakta bandeji, kuma na san abin da za ta fara neman gani.